Raddi ga masu cewa jiran saƙo ɓata lokaci ne

Wani ra'ayi yana yawo tsakanin masu koyon rubuta manhaja a kan QNX, tsarin da Dan Dodge da Gordon Bell suka fara ginawa a Kanada a 1980, wanda BlackBerry ya saya a 2010. Sun ce manajan kayan aiki, wato shirin da ke riƙe da suna irin /dev/ser1 yana amsa buƙatun sauran shirye-shirye, bai kamata ya tsaya cik a kiran MsgReceive yana jiran saƙo ba. Wai gara ya yi ta zagaye yana leƙen ko saƙo ya iso.

Hujjarsu ta farko ita ce mai barci yana da nauyin tashi. Nan suka fi yin kuskure. Da zarar wani shiri ya kira MsgSend, kanel, wato zuciyar tsarin, da kansa ke kwafe saƙon daga ma'ajiyar mai aikowa zuwa ta mai jira, ya tashe shi nan take. Mai karɓa kuma yana gadon fifikon mai aikowa, don haka buƙatar gaggawa ba ta maƙalewa a bayan ƙaramin aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 1997 kwamfutar kumbon Pathfinder a duniyar Mars, mai amfani da tsarin VxWorks, ta yi ta sake kunna kanta saboda rikicewar fifiko, har sai da injiniyoyi suka kunna gadon fifiko daga nan duniya. Mai zagaye kuwa cinye firosesa yake yi ko da ba kowa a ƙofa, ya hana na ƙasa da shi numfashi.

Sun kuma ce mai jira ba zai ji kiran na'ura ko ƙarar agogo ba. Zai ji sarai. Dukansu ana iya mai da su gajeren saƙon da ke shigowa ta wannan ƙofa ɗaya.

To, idan buƙata ɗaya ta daɗe fa, sauran ba za su yi cirko-cirko ba? Manajan na iya ajiye lambar mai aikowa, ya koma jira, ya amsa da MsgReply idan bayanan sun samu. Ko kuma a ba shi tarin zaren aiki, inda saitin lo_water ke ƙayyade mafi ƙarancin masu jira, a ƙara sababbi idan sun ragu.

Suna da gaskiya a wuri ɗaya. Tsarin DPDK, misali, yana leƙen katin sadarwa babu tsayawa, amma sai an ware masa ƙwayar firosesa tasa shi kaɗai, abin da ƙaramar kwamfutar cikin mota mai amfani da QNX ba kasafai take iya bayarwa ba.