Zoben Janeba da Shingen Jibiya

A ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janeba, akwai rami mai siffar zobe, tsawonsa kilomita 27, inda cibiyar CERN ke gwara ƙwayoyin furoton da juna domin gano tubalan da aka gina halitta da su. Kowace ƙwaya tana kewaya zoben fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, tana tsallake iyakar ƙasashen biyu babu mai neman takardarta. A nan aka gano ƙwayar Higgs a 2012. Yanzu ana shawarar haƙa sabon zobe mai kilomita 91, kusan tazarar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, a kan kimanin faran biliyan 15 na Suwizalan.

Da an ambaci wannan a majalisar 'yan boko sai ka ji an ce almubazzaranci ne, ina ruwan mai yunwa da ƙwayar zarra. Wannan lalaci ne ya sanyo rigar tausayi. Gaskiya ne babu mai tabbacin sabon zoben zai tona asirin ɓoyayyen abin da ke riƙe da gungun taurari, masanan ma suna jayayya a kan kuɗin. Amma a CERN aka ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, kuma na'urar gashin ciwon daji da mai haska kwantenoni a kwastan 'yan gida ɗaya ne da wannan zobe. Mu muna saye, in sun lalace mu zauna jiran injiniya daga waje.

Darasin da ya fi ciwo na maƙwabtaka ne. Ƙasashe 12 suka kafa CERN a 1954, ciki har da Faransa da Jamus ta Yamma, shekara 9 kacal bayan sun gama zubar da jinin juna. Mu kuwa, Katsinawan Katsina da na Maraɗi, harshe ɗaya, kakanni ɗaya, an datse mana Jibiya a Agustan 2019, aka sake datsewa a Agustan 2023.

Nijar tana da yuraniyom a Arlit, Zariya tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Babu mai cewa mu haƙa zobe. Abin da muke bin gwamnatocin biyu bashi shi ne ɗakin gwaji ɗaya na haɗin gwiwa tsakanin jami'o'in Zariya, Katsina da Maraɗi, da takardar wucewa ga malamansa da ɗalibansa wadda rikicin shugabanni ba zai soke ba.