A Fito Da Tsofaffin Firintoci Daga Sito

A makarantun sakandare da yawa akwai ɗakin da ake kira sito, inda ake tara kujerun da suka karye da allunan da suka tsage. A can ƙuryar ɗakin, cikin ƙura, ba a rasa firinta ɗaya ko biyu, wato na'urar nan da ke fitar da rubutun kwamfuta a kan takarda. Idan mai karatu ya tambayi dalilin ajiye ta, za a ce masa ta lalace. Idan ya sake tambaya ko wane ɓangare nata ne ya lalace, sai a yi shiru. Alhali kuwa duk ƙarshen zangon karatu malamai kan ɗauki tambayoyin jarrabawa su kai shagon buga takardu na cikin gari, a biya kuɗi a kan kowane shafi, sa'an nan tambayoyin su kwana a kwamfutar wanda ba ma'aikacin makaranta ba ne. A ganina da yawa daga cikin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau, an dai yanke musu hukunci ba tare da bincike ba, kuma ɗalibanmu na kimiyya ne suka fi dacewa su yi wannan binciken a ƙarƙashin kulawar malaminsu.

Idan an ba da umarnin bugawa takarda ba ta fito ba, laifin yana ɗaya daga cikin wurare uku: ko a jikin firintar, ko a wayar da ta haɗa ta da kwamfuta, ko kuma a cikin kwamfutar kanta. Ɗalibin da aka koya wa gwaji a ɗakin kimiyya ya san ba a sauya abubuwa biyu a lokaci guda. Saboda haka sai a fara raba firintar da kwamfuta ɗungurungum. Yawancin tsofaffin firintoci suna iya buga shafin gwaji da kansu, wasu ta hanyar danne wani maɓalli yayin da ake kunna su, wasu kuma ta jerin zaɓin da ke jikinsu. Muddin wannan shafi ya fito da rubutu, to na'urar na da rai, sai a koma neman laifin a wani wuri.

Idan kuwa ta yi ƙara amma ta kasa jan takarda, sau tari robar da ke jan takardar ce ta yi santsi. Roba takan taurare da tsufa, ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe ta. Tsumma mai ɗan danshi kan dawo da ita bakin aiki na wani lokaci, sabuwarta ma ba ta kai kuɗin firinta ko kusa ba. Firinta mai allurai, irin su Epson LX-300 wadda ke da allurai 9 da ke dukan ribon suna barin ɗigo-ɗigo a kan takarda, ita kam abin da ta fi buƙata sabon ribon ne da shara. Ƙararta ba daɗi, rubutunta kuma ba ya ƙayatarwa, amma tana jure ƙura, wutar da take ci kaɗan ce, kuma tana buga kwafi biyu ko uku a lokaci ɗaya idan aka sa takarda mai kabon. Shi ya sa har yanzu ake ƙera irinta.

Sai batun waya. Firintocin shekarun 1980 da 1990 suna amfani da wata kafa mai faɗi da ake kira faralel, wadda ke aika ɗigon bayani 8 a jere lokaci guda, kowane a kan silinsa. Bakin wayar da ke shiga kwamfuta yana da tsinke 25, wanda ke shiga firinta kuma yana da haƙora 36. A shekarar 1994 aka tsara wa wannan kafa ƙa'ida mai suna IEEE 1284, a 1996 kuma kafar USB ta fito, ta yi ta mamaye kasuwa har kamfanoni suka daina sa kafar faralel a yawancin kwamfutoci. A nan tsohuwar kwamfutar tebur ta fi sabuwa amfani, domin ita tana da kafar a bayanta. Akwai wayar da ke juya USB zuwa faralel, tana kuma yin aiki da firintoci da yawa, sai dai tsofaffin manhajojin DOS da ke neman kafar LPT1 ba sa ganin ta kai tsaye.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. A kan babban allon da ke cikin kwamfuta akwai batir mai kamar kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Sunan nasa ma awonsa ne: faɗin milimita 20, kauri milimita 3.2. Shi ke riƙe agogon kwamfuta da saitin BIOS idan an kashe wuta. In ya mutu, kwanan wata ya rikice, saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, kuma mai yiwuwa kafar faralel ta koma wani yanayi dabam da wanda aka zaɓa mata tun farko, domin tana da yanayi kamar SPP da EPP da ECP. Sai a sauya batirin, a shiga BIOS, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen direba. Wannan direban ba na mota ba ne. Wata ƙaramar manhaja ce mai aikin tafinta, tana ɗaukar abin da ke kan allon kwamfuta ta fassara shi zuwa harshen da firinta ke ji. Faifan da ya zo da na'urar kan ɓata, kamfanin ya daina tallafa mata, daga nan sai a ce ta mutu. To amma harsunan firintoci ba su da yawa. Kamfanin HP, wanda ya fitar da LaserJet ta farko a 1984, yana da harshe mai suna PCL. Epson yana da ESC/P, Adobe kuma yana da PostScript. Wasu kamfanoni da dama sun koya wa na'urorinsu waɗannan harsuna. Ke nan idan an rasa direban wata firinta mai jin PCL 5, ana iya gwada direban LaserJet 4 ta shekarar 1992, kuma sau da yawa takarda za ta fito. Abin lura shi ne direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba ya aiki a kan mai bit 64. Haka nan akwai firintoci masu araha da ba su da harshen kirki na kansu, kwamfuta ce ke yi musu dukan lissafin. LaserJet 1020 da ta cika shagunan buga takardu tana cikinsu, har ma kwamfuta ce ke loda mata manhajar cikinta duk lokacin da aka kunna ta. Irin waɗannan sai da nasu direban.

Idan Windows ta gaza, akwai Linux, wadda kyauta ake samun ta kuma tana da nau'o'i marasa nauyi da tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka. Tsarin bugawarta mai suna CUPS, wanda Michael Sweet ya fara fitarwa a 1999, tare da tarin direbobin Gutenprint, sun san ɗaruruwan firintocin da masu ƙera su suka yi watsi da su.

Wani malami zai ce ai tsohuwar kwamfuta haɗari ce. Yana da gaskiya. Microsoft ya daina gyara kurakuran tsaro na Windows XP a watan Afrilun 2014, na Windows 7 a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. A 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kutsa cikin kwamfutocin da ba a sabunta ba, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Maganin dai kada a haɗa irin wannan kwamfuta da intanet ko kaɗan, a kuma taƙaita filashin da ake soka mata. Ga tambayoyin jarrabawa ma, kwamfutar da ba ta magana da kowa ta fi rufin asiri.

Ban ce kowace firinta ta cancanci wahala ba. Mai tawadar ruwa da ta shekara biyar a sito, tawadar ta daskare a ƙananan ramukan kanta, ga kwanson tawadarta ya ɓace daga kasuwa, wannan a cire abin da zai amfana a jikinta a haƙura. Mai leza kuwa sai an yi hattara: sashen da ke manna garin tawada a takarda yakan yi zafin da ya kusa digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, cikinta kuma akwai wuta mai ƙarfi. Kada ɗalibi ya buɗe ta sai an zare ta daga soket ta huce, kada kuma a ɗora ta a kan ƙaramar inbata, don tana fizgar wuta da yawa yayin ɗumama.

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Firintar da ke sito ba ta shiga wannan lissafi ba tukuna. Shugaban makaranta ya ba ƙungiyar kimiyya mabuɗin ɗakin da littafin rubutu guda. Kowace na'ura a buɗe mata shafi: sunanta da lambarta, irin kafarta, ko ta buga shafin gwaji, abin da aka sauya da abin da ya biyo baya. Wadda ta tashi a kai ta ofishin jarrabawa kafin ƙarshen zango, wadda ta ƙi kuma a kwance ta gaban aji a ga mota da giya da madubin da ke cikinta.