Wa Ya Kori Kamfanoni, PDP Ko APC?

 Yau ina so ne in ɗan tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta teburin mai shayi nan Sabon Ibadan.

Abin da ya tayar da ita shi ne wani abokina, tare muka gama sakandare, ya samu aiki a wata masana'anta a nan cikin gari, ya yi shekara uku yana ɗaukar albashi, har an kai kuɗin aurensa. Rana ɗaya aka tara su aka ce kamfani ya daina yin kaya a nan, daga waje za a riƙa kawowa. Yanzu haka acaba yake yi, mashin ɗin ma na haya ne. Da ya zauna yana ba da labari sai wani ɗan PDP ya ce, "Ai kun gani, canji kuka ce kuna so, ga canji nan." Nan take wani ɗan APC ya taso masa, ya ce shekara 16 da kuka yi kuna mulki me kuka bari? Aka yi ta musayar yawu har aka kira sallar Isha'i, shi kuwa mai abin ya tashi ya hau mashin ɗinsa ba wanda ya lura.

To jama'a, ni ba ɗan boko ba ne mai zurfi, amma na tashi a shagon yadi, kuma abin da ya faru ba a ɓoye yake ba. Bari mu bi shi daki-daki.

Ɗan PDP yana da abin faɗa. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai naɗe tabarmarsa a Najeriya. A watan Disamba na shekarar P&G, masu Pampers da Ariel, waɗanda ke da masana'anta a nan Ibadan, suka ce za su daina yin kaya a ƙasar nan su koma shigowa da shi. A 2024 masu Huggies su ma suka rufe tasu masana'antar da ke Ikorodu. Duk wannan ya biyo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 da kuma sakin naira a watan Yuni, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai kamfani da dala yake sayo kayan haɗi, da naira yake sayarwa. Lissafi ba zai fita ba. Wannan a zamanin APC aka yi, ba mai musu.

Amma shi ma ɗan APC bai yi ƙarya ba. Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008, alhali ga itacen roba nan a Edo da Delta da Kuros Riba. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe tun 1957 zamanin Sardauna, a 2002 ta tsaya. UNTL, babbar cikinsu, ta rufe ƙofa a 2007. Wanda ya san Kakuri a da, ya je yanzu, sai ya yi hawaye. Wa ke mulki a lokacin? PDP.

Sai dai in za a bi salsala, ciwon ya girmi jam'iyyun biyu. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 100, daga Kaduna da Kano har Legas da Aba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta karye, kayan gyaran injuna suka yi tsada. A 1995 zamanin Abacha Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A 2001 Sin ta shiga wannan ƙungiyar, kayanta suka cika duniya kamar ambaliya. Sojoji ne suka buɗe ƙofa, farar hula suka zo suka tarar da ita a buɗe, kowa ya yi ta rufewa da buɗewa yadda ya ga dama. Obasanjo ya mayar da haramcin a 2002, daga baya aka sassauta. An ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu zamanin 'Yar'Aduwa da Jonathan. A 2019 babban banki ya hana masu shigo da yadi dala, aka rufe kan iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, a 2023 kuma aka janye hanin dalar. Ka gaya mini, wane mai kuɗi ne zai kafa injin da sai ya shekara 20 yana aiki, a ƙasar da doka ke canzawa duk bayan shekara uku?

Uwa uba kuma wuta. Daga NEPA aka koma PHCN, a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa, amma har yau mutum sama da miliyan 200 muna rabon megawat 4,000 zuwa 5,000. Masaƙa ba ta aiki sai da wuta da ruwa da baƙin mai na tukunyar tururi. Wanda ke ƙona gas a janareta dare da rana ba zai taɓa yin farashi ɗaya da wanda wutarsa ba ta ɗaukewa ba. Wannan ko PDP ko APC ba wanda ya magance shi.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka ma 'yan Dimokurat da 'yan Rifablikan sun daɗe suna nuna wa juna yatsa a kan ayyukan da suka koma Meziko da Sin, alhali yarjejeniyar NAFTA da suke kuka da ita Bush babba ne ya ƙulla ta, Kilinton ya sa mata hannu ta fara aiki a 1994. Ɗaya ya riƙe ƙafa, ɗaya ya yanka.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙa, ko da wasu za su ji haushina. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke kawo yadin? Mu ne. Iyayenmu da yayyenmu ne ke zuwa Gwanzu da Dubai, su kai samfurin zanen atamfarmu a buga musu shi da araha. Kaya su sauka a Kwatano ko Lome, su zagaya ta Nijar, su shigo ta kan iyakar Katsina su faɗa Kantin Kwari, daga nan kuma su gangaro mana Kudu. Ba aljanu ne ke buɗe musu hanya ba, mutane ne masu kaki da masu babbar riga.

Na taɓa tambayar mahaifina, na ce, "Baba, me ya sa kuka bar atamfar gida?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ba mu muka bar ta ba, mai saye ne ya bar ta. Mace ta zo da kuɗin turmi ɗaya, ta ga na Sin zai ba ta biyu, wanne za ta ɗauka? In na ƙi sayarwa, maƙwabcina zai sayar, ku kuma ku kwana da yunwa." Ban iya ba shi amsa ba, don da ribar wannan yadin aka biya mini kuɗin makaranta. Amma ya ƙara da wata magana da ba na mantawa. Ya ce a da, ƙarshen wata ma'aikatan kamfani ke cika shago, su biya bashi su ɗauki sabo. Yanzu kaya sun yi araha, masu sayen ne babu. Ashe reshen da muke zaune a kai muka yi ta sara.

Kuma mu mazauna Kudu abin ya fi shafarmu ta wata fuskar. Manomin auduga na Funtuwa da Gusau da ya rasa mai saye, da ɗan ma'aikacin masaƙa na Kakuri da Sharaɗa, ina suke zuwa? Su ne ake sauke mana daga tirela da asuba, su yi acaba, su yi gadi, su tura baro, su yi shushaina. Su zo su tarar ɗan gari shi ma ba shi da aiki. In abinci ya yi kaɗan baƙo ake fara harara, mun gani a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, mun ga yadda aka hana acaba a sassan Legas a 2022. Rufe masana'anta a Kaduna ko Ikeja, a ƙofar gidanmu yake ƙarewa.

Don haka ni shawarata, mu daina zama 'yan amshin shatan jam'iyyu. Da yawa daga cikin waɗanda ke APC yau jiya suna PDP, gobe kuma Allah kaɗai Ya san inda za su kwana. Idan ɗan takara ya zo fadar Sarkin Hausawa neman ƙuri'a, kada a tsaya a shinkafa da turmin atamfa, wadda ita ma in ka duba bakinta daga waje aka kawo. A tambaye shi yaushe unguwar masana'antu za ta samu wuta ba yankewa, me zai yi wa kan iyaka, kuma dokar da zai kafa shekara nawa za ta yi ba a taɓa ta ba. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa su ma su duba, anko na biki da na Sallah da yadin makarantun Islamiyya, in akwai na gida a fara da shi ko da ribar ta ragu kaɗan. Manyan attajiranmu masu oda kwantena-kwantena kuma, lokaci ya yi da wasunsu za su haɗa jari su kawo injin maimakon kayan.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abokina dai an ɗage aurensa sai bayan Babbar Sallah, muna roƙon Allah Ya buɗa masa. In na yi kuskure a yafe mini, iyakar fahimtata ke nan.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Wassalam. Naku, ɗan Sabo.