Guzurin ɗalibar da za ta yi zango guda a Dakar

Akwai gidajen da a bana suke juya magana guda a tsakar gida: ɗiyarsu tana jami'a, tana nazarin abin da Faransanci ke kira genre, wato nazarin jinsi, kuma ta samu damar yin zangon karatu ɗaya a wata ƙasa. Mahaifi ya ji kalmar ya ɗaure fuska, mahaifiya tana lissafin kuɗin jirgi, ita kuwa yarinyar ta ƙagu ta ga hatimi a fasfonta. A ganina dukkansu uku sun tsallake tambayar da ta kamata a fara da ita: me za ta je nema wanda babu shi a nan? Zango guda wata huɗu ne zuwa biyar. Wadda ta tafi ba da tambaya a hannu ba, da hotuna za ta dawo.

Bari mu ɗauki Dakar misali, tun da hanyar Faransa ta yi wuya bayan an rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Senigal ƙasa ce ta Musulmi masu bin mazhabar Malikiyya kamar mu, kuɗinmu ɗaya ne, sefa, kuma jami'o'inmu suna tafiya a kan tsari guda na lisansi, mastar da dakta. Ga mai nazarin jinsi kuwa, birnin yana da abin da ya fi waɗannan. A can ne hedkwatar CODESRIA take, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da aka kafa a 1973, wadda ta soma taron horo na musamman kan jinsi a 1994. A Jami'ar Cheikh Anta Diop, cikin cibiyar IFAN, Fatou Sarr ta buɗe ɗakin binciken jinsi a 2004. Littafin nan na 1997 da ya zama tsani ga wannan fanni a nahiyarmu, mutum uku ne suka shirya shi: Fatou Sow ta Senigal, da Ayesha Imam da Amina Mama daga Najeriya. An fitar da fassararsa ta Faransanci a 2004. Wanda yake zaton ilimin nan kayan Turai ne zalla, bai leƙa waɗannan ɗakunan karatu ba.

Amma abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne bambancin hanyar da ƙasashen biyu suka bi a kan iyali. Senigal ta kafa kundin dokokin iyali tun 1972, kuma a cikinsa ana tambayar ango ranar ɗaurin aure a gaban hukuma: mace ɗaya ya zaɓa, ko adadi ƙayyadadde, ko har huɗu? In ya ce ɗaya, ba ya da ikon warwarewa. Wasu malamai da ƙungiyoyin Musulunci na can sun nemi a sauya kundin a farkon shekarun 2000, gwamnatin Abdoulaye Wade ta ƙi. Mu kuwa a Nijar, duk yunƙurin da aka yi na kafa irin wannan kundi ya tsaya a hanya, na ƙarshe a 2011. Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999 tare da togaciya a kan wasu sassanta, majalisar dokoki kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a 2006. A fagen siyasa, dokarmu ta 2000 ta ware kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2019, alhali Senigal ta yi dokar raba daidai a 2010. Al'umma biyu, alƙibla ɗaya, mazhaba ɗaya, hukunci daban. Me ya sa? Matar da aka saka a Dakar da wadda aka saka a Maraɗi, wace ce ta fi samun abin ciyar da ƴaƴanta? Wannan tambaya ta isa ta cinye wata biyar, kuma amsarta za ta amfani alƙali da limami da mai unguwa. Hadiza Djibo ta riga ta share fage da littafinta na 2001 da ya kwatanta shigar mata siyasa a ƙasashen biyu. Ɗaliba ta karanta shi kafin ta hau jirgi.

Ba zan ɓoye wa iyaye ba, cikin wannan fanni akwai ra'ayoyin da suka saɓa wa abin da muka yi imani da shi. Za a ba ta Simone de Beauvoir, za a ba ta Judith Butler, kuma za a yi mata jarrabawa a kansu. Sai dai waɗannan littattafai suna cikin wayar hannunta tun tana Yamai, ba tafiya ce za ta haɗa ta da su ba. Abin dubawa shi ne da me za ta auna su. Wadda ta san babin aure, saki, ciyarwa da gado a cikin Risala, ta kuma san aikin Nana Asma'u da ƴan taru, tana shiga aji da nata ma'auni. Wadda aka hana ta sanin komai don tsoro, ita ce duk iskar da ta kaɗa ke ɗauka. Batun tafiyar mace ba muharrami kuwa, malamai sun yi bayani mai faɗi a kansa, kuma a mazhabarmu akwai maganar amintacciyar tawaga a babin hajji. Kowane gida ya zauna da malaminsa a kan halin da yake ciki, tun kafin a sayi tikiti.

Sai takarda, kuma a nan ne aka fi yin asara. Zango guda kiredi 30 ne. In ba a rubuta darussan da za ta ɗauka a can ba, shugaban sashenta na nan da na can suka sa hannu kafin ta tashi, tana iya dawowa a ce ta maimaita zangon, kuɗi sun tafi, shekara ta tafi. Alkawarin baki na malami ba ya shiga rajistar jami'a. Haka nan a duba kalanda da idon basira, domin yajin aiki ya sha karkatar da shekarar karatu a ƙasashen biyu, kuma jami'ar Dakar ta rufe ƙofofinta daga Yunin 2023 har zuwa Fabrairun 2024 saboda rikicin siyasa. A tambaya a rubuce: in aka rufe, me zai faru da makinta? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masauki shi ne na gaba. Ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'ar cike suke maƙil, haya kuma a Dakar ta fi ta Yamai tsada nesa ba kusa ba. Gidan da aka sani, ko ɗaki tare da ɗalibai mata ƴan ƙasarmu da suka riga ta zuwa, ya fi a ce za a nema in an sauka. Mahaifi ko yaya ya yi magana da mai gidan da bakinsa, a kuma yanka abin da za a riƙa aika mata duk wata, kada ta zama mai roƙo a baƙon gari.

Ita kuma ɗalibar, ta sani Faransanci na aji ne da ofis. Matan kasuwar Sandaga da na dahira, waɗanda za ta so jin ta bakinsu, da Wolof suke hira. Ta koyi gaisuwa da ƙidaya da neman izini tun daga gida, ta nemi abokiyar karatu da za ta yi mata tafinta, kuma kada ta kunna na'urar ɗaukar murya a gaban kowace mace sai ta faɗa mata inda maganarta za ta je, ta yarda.