Baƙon Wata Duniya Ba Zai Zo a Jirgin Amurka Ba

A shekarar 1969 aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya. A wannan shekarar ce kuma 'yan sama jannatin Amurka suka fara taka wata. Ke nan tun wancan lokaci Bahaushe ya zauna ya ƙago baƙon wata duniya da abin hawansa, cikin harshensa, bai jira izinin kowa ba.

Yau matashin da ke zaune a Dutse yana da abin da Dembo bai samu ba: kwamfuta, da manhajar Blender ta sassaƙa siffofi, da Godot ta haɗa wasa, duka biyun kyauta. Amma da za a ce ya tsara uwar kumbo ta baƙin halittu, wato babban jirgin da ke dakon ƙananan jiragen yaƙi a wasan kwamfuta na sararin samaniya, hanyar da intanet za ta fara shimfiɗa masa ita ce ta kwafar abin da aka riga aka kwafa sau dubu. Wannan kwafi asara ce ta basira da ta kuɗi, kuma Jigawa na da abin da za ta musanya shi da shi.

Inda siffar ta samo asali

Uwar kumbon da aka saba gani doguwa ce, mai shimfiɗaɗɗen baya, da hasumiya a gefe, da wata doguwar hanya da ƙananan jirage ke gudu a kai kafin su tashi. Wannan siffa daga teku ta fito. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ruwa masu dakon jiragen sama suka zama sarakunan yaƙin teku, musamman bayan gwabzawar Midway ta watan Yunin 1942, inda Japan ta rasa huɗu daga cikinsu. George Lucas ya yi amfani da hotunan faɗan jiragen wancan yaƙi wajen tsara faɗan sama na fim ɗin Star Wars na 1977. Wasan Wing Commander na 1990 ya ɗora mai wasa a kan wata uwar kumbo mai suna Tiger's Claw, yana tashi daga cikinta yana komawa kamar matuƙin sojan ruwa. Daga nan siffar ta zama gado.

A teku kowane sashe na wannan jirgi yana da dalili. Jirgin sama na buƙatar gudu domin iska ta ɗaga fikafikansa, shi ya sa dandamalin jirgin Nimitz na Amurka ya haura mita 330. A sararin samaniya kuwa babu iska, babu nauyin da za a tsere wa, babu sama babu ƙasa. Ƙaramin jirgi na iya fita ta kowace ƙofa, ta kowace fuska, a sake shi kawai ya kunna injinsa. Idan an yi wa 'yan Adam uzuri cewa al'ada ce ta bi su, wane uzuri za a yi wa halittar da ba ta taɓa ganin teku ba?

Da masu zane suka gaji da wannan, sai suka faɗa wani ramin. Tun daga zanen H. R. Giger na fim ɗin Alien na 1979, duk abin da ake so ya zama baƙo sai a yi masa haƙarƙari da ƙaya da baƙar fata mai sheƙi. Ana tsorata da shi a kallon farko, a na biyu an gane shi, a na uku an manta.

Dagin Arewa ba tsari ba ne

Akwai rami na uku, kuma shi ne ya fi kusa da mai zanen Dutse. Za a ce masa ya sa al'adarsa a ciki. Sai ya ɗauko wancan jirgin na Amurka, ya manna masa dagin Arewa a ƙirji, ya kafa masa zanko a kusurwoyi, ya ce ya yi na gida. Wannan kwalliya ce a kan kayan aro, kuma tana da illa biyu.

Ta farko, ta raina ilimin magina. Bakan gizo da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 amsa ce ga wata matsala: azara gajera ce, ƙasa na da nauyi, ana kuma son ɗaki mai faɗi. Wanda ya ɗauki bakan ya kai shi inda babu nauyi, ya ɗauki amsa ya bar tambaya a gida.

Ta biyu ta fi muni. A mafi yawan waɗannan wasanni baƙon shi ne abokin gaba, shi ake harbi. Mai zanen da ya yi wa jirgin abokan gaba ado da zanen fadar Garu ya sa wa kansa rigar dodo da hannunsa. In ana son soro da zaure su shiga wasa, gurbinsu shi ne jirgin 'yan Adam, inda mai wasa ke kwana yake tashi. A can ma bakan gizo zai sami dalili, domin kumbon da ke juyawa a kan kansa yana haifar da wani abu mai kama da nauyi a jikin bangonsa, kuma duk inda nauyi ya samu, magini ya sami aiki.

Tambayoyin da ake fara yi

Wasannin da aka daɗe ana tunawa da su sun fara ne da tambaya kafin zane. A StarCraft na 1998, uwar kumbon Protoss ba ta da bindigar kanta. Ƙananan jirage marasa matuƙa take ƙerawa a cikinta, har takwas, su ne makaminta. A Homeworld na 1999, uwar kumbo ita ce masana'anta, ita ce kuma gidan al'umma gaba ɗaya, in ta faɗi wasa ya ƙare. Siffa ta biyo bayan aiki.

Tambayoyin ba su da yawa. Me halittar ke shaƙa, kuma yaya girmanta? Ina jirgin ke zubar da zafinsa, tunda a inda babu iska zafi ba ya fita sai ta hanyar haskawa, abin da ya sa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ke ɗauke da manyan faifan sanyaya? Mene ne tsakanin uwa da 'ya'yanta: matuƙa ne a ciki, ko gaɓoɓin jikinta ne? Sannan tambayar mai wasa: daga nesa, a ƙaramin allo, zai gane jirgin da inuwarsa kaɗai, ya kuma hango inda rauninsa yake?

Manomin Kiyawa ko Jahun ya san halittun da ke amsa waɗannan tambayoyi ta hanyoyin da ba na mutum ba, domin da su yake fama kowace damina.

Ga wuta-wuta. Tsironta ɗaya na zubar da dubun dubatar iri, irin ya kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya farkawa sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, sannan ya manne ya tsotse ta tun kafin ya leƙo waje. Uwar kumbon da aka gina a kan wannan dabara ba ta harba jirage, shuka su take yi ta wuce. Injin mai wasa ne ke tashe su. Nan take wasan ya sauya: gudu ya zama haɗari, kashe inji ya zama dabara.

Ga kacala, ciyawar da ta mamaye hanyoyin ruwan Haɗeja bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogin ke gudana. Ba ta kai hari, toshewa take yi, ta karkatar da ruwa inda ba a so. Abokin gaban da makaminsa shi ne rufe hanya yana tilasta wa mai wasa tunanin taswira maimakon tunanin bindiga.

Ga jan-baki, da ke sauka a gonar shinkafa kamar hadari, ba shugaba ba mai ba da umarni. A 1986 Craig Reynolds ya nuna cewa ƙa'idoji uku sun isa kwamfuta ta kwaikwayi irin wannan tashi: kada a yi karo da maƙwabci, a bi alƙiblarsa, a tsaya kusa da taro. Ɗalibin da ya iya rubuta manhaja zai iya gwada wannan a tsohuwar kwamfuta. A nan uwar kumbo na iya zama taron kansa: ƙananan jirage su dunƙule su zama uwa, su watse su zama runduna.

Ga suri, wanda gara ke ginawa da ramukan da iska ke zagayawa, da lambun naman gwari a ciki, da sarauniya a can ƙasa. Ga duwatsun Dutse kansu, waɗanda ke nuna yadda jirgin da aka rarake daga dutsen sama zai kasance: daga waje ba a bambance shi da sauran duwatsu. A Birnin Kudu kuma akwai duwatsun da ke amo kamar ƙarfe in an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana a shekarun 1950. Sauti ba ya tafiya a sarari marar iska, amma yana bin jikin dutse. Halittar da ke magana ta hanyar buga bangon jirginta ta ba mai haɗa sauti aikin da ba na aro ba.

Masu cewa wasa ne

Za a sami mai cewa jihar da ambaliya ke ci kusan kowace shekara ba ta da lokacin kumbon ƙarya. Damuwarsa gaskiya ce, hukuncinsa ne bai daidaita ba. Hannun da ya iya sassaƙa jirgi a Blender shi ne zai zana gada da asibiti kafin a sa tubali. Lissafin da ke tafiyar da taron jan-baki a wasa ɗan uwan wanda ake kwaikwayon cunkoson jama'a da shi ne. Jigawa ta taɓa yin caca a kan fasahar sadarwa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da aka kafa Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure. Waya da na'ura sun samu tun tuni. Abin da ya rage shi ne abin da za a ƙera a sayar ta cikinsu.

Wani kuma zai ce kasuwa abin da ta saba take so. To kasuwar jiragen da aka saba da su ta cika ta batse. Shagunan intanet na sayar da irinsu a shirye da kuɗi kaɗan, kuma mai zanen da ke jiran a kawo wuta ba zai ga bayan manyan kamfanoni a wannan fage ba. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, ya kuma ja hankalin duniya domin bai yi kama da na kowa ba. Ƙaramin mai sana'a ba shi da jarin da ya wuce abin da shi kaɗai ya sani.

Saboda haka nauyin yana kan masu koyarwa, a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Kazaure, da duk wata cibiyar horar da matasa a jihar. Duk wanda zai ba ɗalibi aikin tsara kumbon baƙi, ya hana shi buɗe kwamfuta a makon farko. Ya tura shi gona da bakin suri da littafin rubutu, ya dawo da shafi ɗaya da ke bayyana yadda halittarsa ke ci, da yadda take haihuwa, da yadda take mutuwa. In ɗalibin ya kawo jirgi mai titin tashi, a tambaye shi wace iska ce za ta ɗaga fikafikan. In bai da amsa, a mayar masa da takardarsa ya sake.