Harsashi Uku Sun Ishi Maharbi

Maharban Turai da Amurka sun daɗe suna gardama a kan irin harsashi nawa ya kamata mutum ya tanada domin farauta. Mu dai a ganinmu uku sun wadatar.

Na farko shi ne ɗan ƙaramin nan .22, wanda ya fito a Amurka cikin 1887. Ga araha, ga ƙarancin ƙara, zomo da kurege kuwa ba su fi ƙarfinsa ba. Na biyu .30-06, wanda sojan Amurka suka soma aiki da shi cikin 1906. Yana ka da barewa da gwanki daga nesa. Na uku .375, ƙirar kamfanin Holland & Holland na Landan cikin 1912, domin ɓauna da sauran manyan namun dawa.

Dalili kuwa, harsashin da ya yi wa dabba yawa ɓata nama yake yi. Wanda ya yi mata kaɗan kuma rauni kawai zai yi mata, ɓauna mai rauni kuwa kan maharbi take juyowa. Mai bindiga goma ba ya sanin halin ko ɗaya.

To, jama'a, a nemi lasisi tukuna, a koyi saiti da waɗannan ukun, gama ba a fafe gora ranar tafiya.