Sharhi: Ƴaƴan Kaza na nesa da kuɗin kallon su

Duk wanda ya taɓa kwana waje a ƙauye ya san Kaza da ƴaƴanta. Masana sun ce gungun taurari ne da aka haifa lokaci guda, shekaru wajen miliyan 100 da suka wuce, wato jarirai idan aka gwada da ranarmu mai shekaru miliyar 4 da rabi.

Irin waɗannan gungu ake farauta yanzu a wasu galaksi, manyan garkunan taurarin da ke maƙwabtaka da namu. Matsalar ita ce taurari cikin gajimaren ƙura da iskar gas ake haifar su, ƙurar kuma ta rufe su ruf, kamar yadda hazon hunturu ke ɓoye mana gari. Madubin James Webb, da aka harba daga Kourou ranar 25 ga Disamba 2021, yana ganin hasken zafi wanda idonmu bai gani, shi kuwa wannan haske ratsa ƙura yake. A Janairun 2024 ayarin masana na PHANGS ya fitar da hotunan galaksi 19, ciki har da NGC 628, wadda haskenta ya yi tafiyar shekaru wajen miliyan 32 kafin ya iso. An ga gungu-gungu tun suna cikin zanen goyo, an kuma ga manyan ramuka inda ƴaƴan suka kore ƙurar da ta haife su cikin ƴan miliyoyin shekaru. To, wannan korar ce ke ƙayyade yawan taurarin da za a sake haifa a wurin.

Amma akwai zancen kuɗi. Webb ya ci dala wajen miliyar 10, yana nesa da mu da kilomita miliyan 1.5, ba mai zuwa gyara shi, man da ke cikinsa kuma ƙarewa zai yi. A Mayun 2025 gwamnatin Trump ta nemi a zaftare kusan rabin kasafin kimiyya na NASA. A ganinmu, gina rijiya ne a ƙi sayen guga.

Mu me ya shafe mu? Hotunan da bayanan PHANGS a buɗe suke, kyauta. Ɗalibin jami'ar Yamai ko ta Maradi zai iya sauke su kamar na Turai, in dai ya samu intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa.